Inuwar Obren a Cikin Kwalba

Wanda ya fara ba ni labarin Obren shi ne Yevrem magini, kuma shi ne mutumin da ya jawo masa abin da ya same shi. Fara rubutun da wannan, Tiyana, kada ki gyara mini shi.

Lokacin ban daɗe da zuwa garin nan ba. Na auri kakarki, na tare a gidan ubanta da shanuna biyu da amalanke, ina ɗaukar wa mutane dutse da itace. Wata rana da hantsi na sauke wa Yevrem tsakuwa a bakin rafi, muka zauna muna cin burodin masara da cuku. Sai ga wani dogon mutum ya taho yana bin gindin katanga, kafaɗarsa har tana gogar dutse, alhali ga hanya fetal babu kowa a kai. Yevrem ya daina tauna. Ya yi alamar gicciye a ƙirjinsa, shi da ban taɓa gani a coci ba.

Na ce, "Baba Yevrem, surukinka ne, har loma ta tsaya maka?"

Ya ce, "Rufe bakinka, baƙo. Ka ga mutumin tagullan can na kan tudu? Hau ka dubi fuskarsa, ka sauko ka dubi wannan."

A ranar ya faɗa mini rabi. Sauran daga bakin Obren na ji, bayan shekaru.

Kin san tudun da ke saman tsohuwar makaranta. Kangon da ke bayan mutum-mutumin, a da gidan 'yan zuhudu ne, tun zamanin Turkawa. Tsofaffi suna cewa wani ɗan zuhudu ya zauna a ciki yana sassaƙa baƙaƙe ɗaya bayan ɗaya da wuƙa, ya jera su, ya shafa tawada, ya danna a takarda, har ya fitar da littafin addu'a da harshenmu. Sun ce aikin ne ya cinye masa ido. Ba wanda ya damu da shi, awaki ne ke kwana a kangon. Sai bayan yaƙi mutanen gwamnati suka zo da mota suka ce ashe a kan abin alfahari muke zaune ba mu sani ba, za a yi wa mutumin mutum-mutumi.

Aka turo mai sassaƙa daga birni, Kosta, wani siriri da taba ba ta barin bakinsa. Damuwarsa ɗaya, ba wanda ya san kamannin ɗan zuhudun. Sai ya riƙa yawo a kasuwa yana leƙa fuskokin mutane kamar mai sayen doki. Har ya biyo ta ƙofar Obren.

Obren ganguna yake haɗawa, na katako, waɗanda ake zuba barasar 'ya'yan itacen shiliva a ciki ta kwana biyu ta yi daɗi. Duk kwarin nan babu gangar da ta kai tasa. Kosta ya same shi a sunkuye yana feƙe katako da wuƙa, ga dogon gemu, ga kumatu sun faɗa, ga hannuwa kamar faifai. Kosta ya tsaya har tabarsa ta ƙone masa yatsa. Ya ce, "Shi ne."

Stamena, matar Obren, tana shanya a tsakar gida. Da ta ji abin da ake so, dariya ta kusa kayar da ita. Ta ce, "Wannan fuskar za ku kafa a kan tudu? Ni da na aure ta ma sai da aka ba ni barasa na sha tukuna."

Obren ya ce, "Ki yi ta yi. In na zama tagulla sai kin nemi izini kafin ki yi mini magana."

Ba su da ɗa, ba su da 'ya. Su biyu ne, kullum cikin tsokanar juna. Ya zauna wa Kosta duk tsawon bazara, ana zana shi, ana kwaɓa yumɓu. Ya ji daɗin abin, ya faɗa mini da bakinsa. Ya ce shi da bai san ko baƙi ɗaya ba, ga shi za a miƙa masa littafi ya riƙe har abada.

Yevrem aka ba aikin dakalin da za a ɗora shi. To tudun nan akwai ruwa a cikinsa, kowa ya sani. Ya haƙa, ya zuba dutse da siminti, kafin mako harsashin ya tsage ya karkata wajen makaranta. Ya sake, ya sake tsagewa. Shi kuwa ya san abin da ubansa da kakansa suke yi in gini ya ƙi zama: a yanka baƙin zakara a kan dutsen farko, jini ya shiga ƙasa, shi ke nan. Ya zo da zakaransa a hammata. Sai ga Kwamared Milisav, shugaban kwamitin gari.

Milisav ya ce, "Mene ne wannan?"

Yevrem ya ce, "Abincin rana ne, Kwamared."

"A gindin mutumin da ya kawo wa talaka karatu za ka yi mana tsafi? In na ga gashin kaza ɗaya a wurin nan, a birni za ka yi bayani."

Ke ba ki san abin da wannan maganar take nufi ba, Allah kada ya sa ki sani. Waɗanda suka je birni yin bayani, wasu sun dawo ba haƙora, wasu har yau ana jiran su. Yevrem ya mayar da zakara gida. Ga ranar buɗewa an riga an sa, manya za su zo, harsashi kuma ya ƙi tsayawa. In ya yanka a birni zai ƙare, in dakali ya rushe a birni zai ƙare.

Akwai wata hanyar da magina suka sani, wadda ba a faɗa da ƙarfi. In ba a ba gini jini ba, ana ba shi inuwa. A auna inuwar mutum da kirtani bai sani ba, daga dunduniya zuwa ka, a binne kirtanin a harsashi. Gini zai zauna daram. Mutumin kuma ba zai wuce kwana arba'in ba.

Wata safiya Kosta ya hau da Obren kan tudu, ya tsayar da shi daidai inda za a kafa mutum-mutumin, yana so ya ga yadda rana za ta riƙa faɗo wa fuskar. Ya ce kada ya motsa. Rana ta fito, inuwar Obren ta miƙe a ƙasa har bakin ramin. Yevrem ya ce mini shi bai shirya ba, kirtanin ne kawai yake hannunsa. Ya durƙusa kamar mai duba layin gini, ya ja, ya ƙulla a nan, ya ƙulla a can, ya yanke. Ya cusa a kwalba ya toshe da kakin zuma. Obren na tsaye yana kallon sama yana murmushi, Kosta na ce masa ya ɗan ɗaga haɓa.

Harsashi na uku bai ko yi tsaga ba.

Wani lebura ya gani, ya faɗa wa matarsa. Kin san sauran. Kafin ranar buɗewa duk gari ya sani, ban da Obren da Stamena. Ranar aka zo da 'yan busa, 'yan makaranta suka yi waƙa, Milisav ya yi jawabi har tsofaffi suka fara gyangyaɗi. Aka ja mayafi, ga Obren na tagulla da littafi a buɗe a hannu. Obren na gaske ya juya ya ga yadda mutane za su yi. Ya ce mini, "Radoye, ba wanda ke kallon mutum-mutumin. Kowa ƙafafuna yake kallo. Na duba ko kashin saniya na taka. Sai na ga mata suna janye 'ya'yansu daga gefena."

Da yamma ya tare Yevrem a hanya ya shaƙe shi. Yevrem bai musa ba. Abin da ya ce kawai, "Da sun bar ni da zakarana."

Obren ya koma gida ya zaɓi katakonsa mafi kyau ya haɗa wa kansa akwatin gawa. Stamena ta ce in bai fitar mata da shi daga ɗaki ba za ta zuba kabeji a ciki. Amma ita ma ta daina barci. Kwana arba'in suka cika, bai mutu ba. Shekara ta zagayo, bai mutu ba. Sai ki ce mutane za su saki jiki. Ina! Tsoron ƙaruwa ya yi. Wanda ya kamata ya mutu bai mutu ba, to me ke yawo a cikin rigarsa? Aka daina kiransa riƙe jariri a coci. In an yi biki sai a aika masa da nama gida, don kada ya zo. Gangunansa dai ana saye, don babu kamarsu, amma a bakin ƙofa ake tsayawa a yi ciniki. Yara kuma in sun hango shi sai su hau katanga suna ihu, "Baba Obren, a ina ka ajiye inuwar? Ba mu aro!" Shi ya sa ya koma bin gindin katanga, ko ya bari sai gari ya yi gajimare ya fita. Ya gaji da mutane suna duba masa ƙasa.

Za ki tambaye ni ko yana da inuwa. Yana da ita, na gan ta da idona. Na ce masa, "Ga ta nan, mutumina, har ta fi tawa tsawo." Ya ce, "Ba ka san ta a da ba. Ta fi haka baƙi."

Katako nake kawo masa daga daji, a haka muka saba. Ni baƙo ne, ban ga dalilin da zai hana ni shiga gidansa ba, ko da yake kakarki tana yayyafa mini ruwan coci in na dawo. Stamena kan zuba mana wake da naman da aka ƙyafe, ta zauna tana yi mana ba'a. Kullum da safe shi kuma sai ya hau tudu. In dusar ƙanƙara ta sauka ya share wa mutum-mutumin kafaɗu da tsintsiya. In tsuntsu ya ɓata shi ya wanke. Wata shekara wani yaro ya jefi mutum-mutumin da dutse a kunne, Obren ya kwana uku da ciwon kunne. Ko ciwon ne ya zo don kansa, ko me, ni dai na ga ya ɗaure kai da tsumma.

Rubutun da ke cikin littafin tagullan ma ya daɗe yana damunsa. Yana tsoron ko sunansa aka rubuta a ciki, aka ƙara ɗaure shi. Ya tambaye ni, na ce ni da kai duk ɗaya. Ya yi shekaru yana jin nauyin tambaya, sai wata rana ya tare malamar makaranta. Ta ce, "Baba, baƙaƙe ne kawai a jere, na da, irin waɗanda ɗan zuhudun ya sassaƙa. Ba su ce komai ba." Ranar har barasa ya zuba mana. Ya ce, "Ashe ni da shi duk ba mu ce komai ba."

Ya je wurin limamin coci. Limamin ya ce zancen banza ne, babu shi a littafi. Obren ya ce to ya hau tudun ya yi addu'a a gindin dakalin. Limamin ya ce gwiwarsa na ciwo, kuma Milisav na da ido.

Sai Stamena ta kwanta. Ciwon ƙirji, lokacin sanyi. Ina wurin ranar da ta kira shi kusa. Ta ce, "Kai, dogo. Kada ka bar ni ni kaɗai a can. Ka san ƙafafuna ba sa ɗumi in ba ka."

Ya ce, "Ina zan je? Ki matsa mini kawai."

Bayan mun binne ta ya bar fili a gefenta, daidai tsawonsa. A hanyar dawowa ya tsaya ya dubi tudu. A nan ya faɗa mini abin da ke cin sa tun farko, wanda ban gane ba. Ya ce, "Radoye, kana tsammani mutuwa nake tsoro? Kowa zai yi ta. Wanda aka gina inuwarsa ba ya kwanciya. Za ku kai gawata can kusa da ita, ni kuwa ina kan tudu ina gadin dutse, rani da damina, har ranar da duniya za ta tashi. Ita tana can tana jira, tana cewa na yi mata ƙarya."

Daga ranar ba shi da magana sai ta kwalbar. Yana so a fito da ita kafin ya mutu, a sa masa a akwati. Amma dakalin babba ne, bai san ta wace kusurwa take ba, kuma wanda aka kama yana haƙa gindin abin gwamnati ya san inda za shi. Ya yi ta zarya gidan Yevrem. Ya roƙe shi, ya zage shi, ya kai masa ganga kyauta. Yevrem amsarsa ɗaya: "In ka cire ta, tudun nan a kan makaranta zai sauka. Ka ga na ɗauki ranka, kana so in ƙara da na yara?"

Obren ya ce, "Ƙarya kake, tsoron Milisav kake ji."

"Shi ma ina ji. Amma wannan ba ƙarya ba ce."

Haka suka tsufa suna wannan. Sai da ɓarin jikin Yevrem ya shanye, ya ga mutuwa ta matso, sannan ya aika a kira Obren. Na raka shi. Bakin Yevrem ya karkace, da ƙyar ake jin sa. Ya ce kusurwar gabas, zurfin hannu ɗaya, a ƙarƙashin wani faffaɗan dutse. Ya ce kuma kada a je da rana a sama, don gini in an ƙwace masa abinsa ba ya zama haka nan, inuwar wanda ya samu a tsaye zai kama. Sannan ya ce, "Ka yafe mini, Obren."

Obren ya ce, "In na kwanta kusa da matata, na yafe."

Yevrem ya riƙe masa hannun riga da hannunsa mai rai. Ya ce, "Makarantar fa." Obren ya zare rigarsa muka fito.

Muka jira lokacin tsinkar shiliva, da duk gari ke watsewa gonaki, manya da yara, a rufe makaranta. Milisav ma ya tafi birni taro. An kwana biyu ana ruwa, safiyar ta zo da hazo, ko hannunka ba ka gani sosai. Obren ya ƙwanƙwasa mini da diga a kafaɗa. Na ɗauki shebur. Ba zan ɓoye miki ba, tsoro nake ji tun daga ƙofar gida. Ina tsoron a gan mu, ina tsoron hazon ya yaye rana ta fito, ina tsoron abin da za mu tarar. Da muka isa na ɗaga kai, sai ga fuskar abokina a sama cikin hazo tana kallona, ga ta kuma a gefena tana haki. Na ce a raina, Radoye, me ya fito da kai daga garinku.

Muka haƙa. Ƙasar ta jiƙe, tana bin shebur. Muka ci karo da faffaɗan dutsen, muka ɗaga shi mu biyu. Obren ya kwanta rub da ciki ya zura hannu har kafaɗa. Na ga fuskarsa ta canza. Ya zaro ta a hankali. Koriyar kwalba ce, irin ta barasa, kakin na nan a bakinta. Ya goge ta da gemunsa. Ga kirtanin a naɗe a ciki, fari tas kamar jiya aka sa, da ƙulli biyu.

Ya ce, "Ka gan ni nan. Ashe ban da yawa."

Ya yi dariya, hawaye na bin gemunsa. Ni ma na fara dariya. Sai na ji sanyi a ƙafata. Na duba, ramin na cika da ruwa, ja, yana ɓulɓulowa daga inda kwalbar ta fito. Kafin in yi magana wani abu ya yi ƙara a ƙarƙashin dakalin, irin ƙarar da ƙarfen ganga ke yi in ya tsinke. Na ji ta a tafin ƙafata. Ƙasar da ke bakin gangara ta ɗan buɗe baki, tsakuwa ta fara gangarawa cikin hazo. Muka ji tana sauka a kan rufin makaranta, ƙwas, ƙwas, ƙwas.

Sai a lokacin muka lura ashe tun ɗazu akwai waƙa a ƙasa. Mun lura ne don ta tsaya. Ashe malamar ba ta sallami ƙananan ba, ta ce ba su isa tsinka ba, su zo ta riƙe wa iyayensu su. Hazon ya ɗan yi sauƙi ta wajen. Ƙofar aji ta buɗe, wata 'yar mitsitsiyar yarinya da jan ɗankwali ta fito ta ɗaga kai tana neman mai jifa.

Uwarki ce, Tiyana. Ni na saya mata ɗankwalin.

Ban roƙe shi ya mayar ba, Allah ne shaida, ko kallonsa ban iya yi ba. Mutumin nan ya shekara ashirin da wani abu yana jiran ya riƙe kwalbar nan, ga ta a hannunsa, gida kawai zai tafi da ita. Yaran da ke ƙasa kuma ƙannen waɗanda ke hawa katanga suna yi masa ihu ne, ba nasa ko ɗaya. Tsakuwa na ci gaba da zuba. Na ji ya ja numfashi. Ya sake kwanciya a cikin taɓon, ya tura hannu cikin ruwan har kumatunsa ya taɓa ƙasa, ya mayar da ita. Ya ce, "Dutsen. Yi sauri."

Muka mayar da dutsen, muka tura ƙasa, muka tattake da ƙafa kamar mahaukata. Ruwan ya ja baya. Tsakuwa ta tsaya. Muka zauna a jingine da dakalin har muka ji malamar ta sake ɗaukar waƙa. Ku masu karatu za ku ce ruwan sama ne ya cika tudun, mu kuma muka huda shi, da muka toshe ya tsaya. Ban hana ku ba. Ni dai ina wurin.

Da muka tashi ya kakkaɓe gwiwarsa ya ce, "Na farko an sa ni ban sani ba. Wannan ni na sa kaina. Stamena za ta ce dama ba ni da wayo."

Bayan wannan ya daina bin katanga. Yana tafiya tsakiyar hanya da rana tsaka, wanda zai duba ya duba. Amma tsoron bai bar shi ba, wuri kawai ya sauya. In mun zauna sai ya tambaye ni, ko fatalwa na jin sanyi. Ko tana gane mutane. Ko daga kan tudu ana hango maƙabarta. Na ce ana hangowa in ganye ya zube. Ya ce to da sauƙi.

Ya ƙara wasu shekaru. Lokacin samari sun fara tafiya Jamus aiki, suna kwashe matansu da 'ya'yansu. Yana zaune a ƙofarsa yana kallon motar da ke ɗibar su. Ranar da ya ji jikinsa ya ƙi, ya aika aka kira ni. Yana kwance, akwatin nan nasa na jingine a bango, wanda ya sha ajiyar kabejin Stamena har ya gaji. Ya ce, "Baƙo." Har ya mutu haka yake kirana in zai tsokane ni. "Garin nan ƙarewa yake. Wata rana za a rufe makarantar, ba yaro ko ɗaya a ciki. Ranar ka hau ka ciro ni. Ka tona tsakanina da ita ka sa. Kada ka buɗe kwalbar, kada ka je da rana. In tudun ya ga dama ya sauka, ya sauka a kan kujerun da ba kowa."

Na ce, "Makaranta ai ba ta rufuwa."

Ya ce, "Ka dai ce to."

Na ce to.

Muka binne shi a gefen Stamena. Mutane sun zo da yawa, har waɗanda ba su taɓa taka gidansa ba, ina jin don su tabbatar ne. Sanyin shekarar, bayan dusar ƙanƙara ta farko, na fito da safe na dubi tudu. Kan mutum-mutumin fari, littafin fari, kafaɗun kuwa a share. Na hau. Babu sawun kowa sai nawa. Kakarki ta ce iska ce. Iskar da ke share kafaɗu ta bar littafi, kowace shekara. Karnuka ba sa bi ta wurin, ki lura in kin hau. Ni kuma tun daga lokacin in na wuce sai in ce, "Sannu da tsayuwa, Obren, ka ƙara haƙuri, akwai sauran yara." Ban taɓa jin amsa ba. Abin da nake tsoro ke nan kullum, ranar da zan ji.

Makarantar ta ƙi rufuwa. Yara suka koma goma, suka koma biyar, suka koma 'ya'yan gida ɗaya, ana dai buɗewa. Ni kuma ina tsufa. Sai bara da kaka aka sa mata kwaɗo, aka ce sauran biyun mota za ta riƙa kai su gari. Na ji labari ina kan gadon nan, ƙafafuna sun riga makarantar rufewa. Na gwada, kada ki ce ban gwada ba. Na ɗauki sanda biyu na kai har bakin rafi, a nan maƙwabci ya tsince ni ya dawo da ni a baro kamar buhun dankali.

Yanzu taga nan da kike gani, tudun take kallo, na sa an juya mini gado don kada in riƙa fuskantar ta. In ganye ya zube Obren yana hango maƙabarta, to gidan nan ma yana hangowa. Ya san an rufe. Ya ga an sa kwaɗon.

Kin rubuta kusurwar gabas? Zurfin hannu ɗaya, akwai faffaɗan dutse, mutum ɗaya ba ya ɗaga shi, sai ki zo da yayanki. Diga na bayan rumbun masara, shebur ɗin ƙotarsa ta yi sako-sako, a buga mata ƙusa. Ku fara leƙa makarantar ku tabbatar ba kowa, ko akuya ce ku kore ta. Kuna cirowa ku bi ta bayan kango ku sauka, kada ku bi ta gangara, kuma ko me kuka ji a bayanku kada ku tsaya kallo. Kabarinsa na biyu ne daga babban itacen nan na bakin shinge, tsakaninsa da Stamena akwai kamar tafin hannu biyu, a nan za ku tona ku sa.

Daina yi mini wannan kallon, na san kin yi jami'a. Ban ce ki yarda ba, cewa na yi ki je. Amma ki duba sama kafin ku fita. In da rana, ko 'yar kaɗan ce, ku koma ku zauna, ya jira wannan ma.